Tagar da Aka Faɗaɗa wa Malam Isaka

Cikin ranakun aikina akwai wadda ba ta fita raina, wato ranar da Majo Sumana ya fito tsakar gidan likita da takarda a hannu yana tambayar wa ya haifi yaro mai kilo tamanin. Wata safiya ce a watan Nuwamba, an gama girbi, mata sun samu sukunin kawo yara awo. Ni ba ni karatu, ba ni rubutu, wannan ma faɗa na yi aka rubuta. Na sa an rubuta ne saboda ku da kuka shigo aiki bayanmu, don na ji ana ba da labarin a karkace, har wasu na cewa wai ni na gyara ordinatar, wato kwamfutar gidan likitar. Ban gyara komai ba. Ga yadda aka yi.

Ga wanda bai san tsarin gidan likita irin namu na Dakoro ba, majo shi ne shugaba. Shi ke sa hannu a kan komai, shi ke kai rapor, wato rahoton aiki, zuwa distirik kowane ƙarshen wata. Ƙarƙashinsa akwai sajifam mai kula da masu ciki da haihuwa, da malaman jinya, sannan mu ungozomai. Ranar awon yara aikina shi ne tsare layi da ɗora yaro a sikeli. Malamin jinya ya duba ya rubuta a kati, uwa ta ɗauki katin ta kai ma sakatare a ɗan biro, wato ofis, na ƙarshen baranda. Sakataren a lokacin shi ne Malam Isaka. Shi ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ɗan kontira ne. Duk watan Janairu sai majo ya sa hannu a sabunta mashi, in bai sa ba, aiki ya ƙare. Gidansa kuwa gida ne mai baki da yawa, kuma ba shi da gona ta kirki.

Aikin Malam Isaka shi ne ya kwashe abin da ke kati ya zuba a ordinatar. A cikinta akwai abin da suke kira tablo, shimfiɗa ce ta layuka da gidaje kamar wurin dara, sai dai ba ta da iyaka. In mutum ya ce zai rubuta a ciki kai tsaye, ɓacewa yake yi. Shi ya sa aka yi mashi wata 'yar taga da ke buɗewa a bisa tablon. Tana da gidan suna, gidan gari, na watanni, na nauyi, na tsawo, na kaurin hannu, can ƙasa kuma akwai koren madanni da ake dannawa abin da aka rubuta ya shige tablo. Tagar nan ba tare da na'urar aka sayo ta ba, ƙera ta aka yi. Wanda ya ƙera ta shi ne Lawali, mai kula da ordinatocin distirik, wanda ke yawo a moto, wato babur, daga wannan likita zuwa waccan.

Lawali kuwa shi ke auren ɗiyar Malam Isaka ta fari.

Ku yaran yanzu da ke cin abinci kwano ɗaya da surukanku ba lallai ku gane nauyin wannan ba. Malam Isaka ko sunan ɗiyar ba ya faɗi, balle na mijinta. "Mutumin distirik" yake ce mashi. In Lawali ya zo, sai ya kashe moto tun daga bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa daga nesa ya gaida shi fuska a kauce. Malam ya amsa yana kallon bango, nan take kuma ya tuna yana da alwala, ya ɗauki buta ya fita. Shekaru suna haka, aiki bai taɓa tsayawa ba, don na'urar ba ta taɓa neman su biyun a lokaci ɗaya ba.

A ƙarshen damina kuran, wato wutar lantarki, ya zo da ƙarfi ya ƙone tsohuwar ordinatar. Ita mai ƙaton kai ce kamar tukunya, rubutunta manya-manya. Aka kawo sabuwa, irin siririyar nan da ake naɗewa. Aka zuba mata tablo da tagar yadda suke. Amma a fuskar sabuwar, taga ta ƙanƙance ta koma kamar katin awo, rubutun cikinta kamar an watsa gero. Kuma ba irin tagar da ake kama gefenta a ja ta buɗe ba ce. Yadda aka ƙera ta haka take tsayawa.

Ranar da nake ba ku labari, majo ya tsaya tsakiyar mata ya ƙwala mani kira. Shi Bazabarme ne, ni Bagobira, don haka akwai wasa tsakaninmu, ba ya jin nauyin bakina, ni ma ba ni jin na nashi.

"Hajo, baiwata, zo nan. Ku Gobirawa mi kuke ba yaranku?"

"Abin da ba ku da shi a yamma, bawana. Mi ya faru?"

"Ga yaro nan, kilo tamanin, tsawonsa santimita tara. Yaro ne wannan ko dutsen niƙa?"

Mata suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don na ga fuskarsa. Ya wuce biro, ni kuma daga inda sikeli yake ana jin komai. Ya ce ma Malam Isaka distirik ta maido rapor ɗin watan jiya, kuma ba yaron nan kaɗai ba ne. An zuba tsawo a gidan nauyi, an zuba nauyi a gidan tsawo, wani wurin suna ya shiga gidan gari.

"Malam, ina ganin girmanka," in ji majo. "Amma in rapor ya sake dawowa, ba zan iya sa hannu a Janairu ba. Ni ma akwai mai tambayata."

"To, majo. Sabuwar na'urar ce, hannuna bai saba ba."

Daga ranar na sa mashi ido. Mutumin da na sani yana zama a miƙe kamar liman, yanzu hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Yana karkata kai gefen hagu kamar kaza mai kallon shaho. Kati na hannunsa, amma sai ya ce ma uwa, "Faɗa mani sunan yaron." Na san wannan zaman. Haka mahaifiyata ta riƙa yi da tsintar shinkafa lokacin da yana ta fara rufe mata ido.

Na bari aka yi azahar, baranda ta yi shiru, na shiga na tura ƙofa.

"Isaka, tun yaushe?"

"Tun yaushe mi, Yaya Hajo?"

"Kar ka maida ni yarinya. Idon nake tambaya."

Ya daɗe yana juya alƙalami a hannu. Daga baya ya ce tun bara ne, kamar hayaƙi ke tsakaninsa da abu. Ya sayi tabarau a kasuwa, bai yi mashi komai ba. Da tsohuwar na'urar yana lallaɓawa, wannan kuwa ta tona shi.

Na ce, "Ka tafi Maradi a duba ka. Ana cire yana."

"In ce zan tafi aikin ido kafin Janairu? Wa zai sa ma makaho hannu? Za a kawo wani ɗan boko mai takardar lakwal a ce ya riƙe kafin in dawo. Kin taɓa ganin wanda aka ce ya riƙe kujera ya tashi?"

Gaskiya ya faɗa, na ga an yi haka. Amma ni ma ina da tawa gaskiyar. Na ce mashi yaran da nake ɗorawa a sikeli ba nashi ba ne, ba nawa ba ne. In ya rubuta ma yaro mai tamowa nauyin ƙato, wa zai bi sawunsa ƙauye? Na ce ko dai a gyara abin, ko ni da bakina in gaya ma majo. Na ce a kira Lawali ya ƙara girman rubutun.

Sai ya miƙe tsaye. "A'uzubillahi. In zauna gaban mutumin nan in ce ban gani? Gara kontirar ta tafi."

"Ta tafi, ka ci mi?"

Ni kuwa ban jira izininsa ba.

Da Lawali ya zo zagayensa na tare shi bayan ɗakin haihuwa, inda maza ba su cika bi ba. Ya gaishe ni, na ce ya aje gaisuwa tukuna. Na gaya mashi komai. Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da makullin moto.

"Inna, ni ban lura ba."

"Ina za ka lura, kai da ba ka taɓa kallon fuskarsa ba?"

Ya ce ƙara girman taga ba abu ne mai wuya ba, makro ne. Na tambaye shi mi ne ne makro. Ya ce wasu 'yan layuka ne na umarni da ake rubutawa a bayan tablo, inda mai aiki ba ya gani. Da an buɗe taga sai na'urar ta karanta su ta bi, kamar saƙon da aka bar ma mai tsaron gida. Da su ya ƙera tagar tun farko, da su kuma zai iya ce mata ta yi faɗi kaza, tsawo kaza.

"Sai dai, Inna, ba a yin shi da ka. Mai aikin ke zama, in ƙara, in ce ka gani? Ya ce a'a, in ƙara. Ni kuwa da su Baba..."

"Kai ba ka iya tambaya, shi ba ya iya amsawa."

"Haka ne."

"To ni zan zama bakinku."

Haka muka shirya. Lawali ya ce ma majo zai duba sabuwar na'urar, ya zauna a ɗakin ajiyar kaya, can ɗaya ƙarshen barandar, da tashi ordinatar. Na je na auna fuskar ta Malam da hannuna, na dawo na ce ya ƙara tagar ta kai kamar taƙi da rabi. Ya yi rubuce-rubucensa, ya zuba a ɗan kile, ɗan ƙarfen nan da ake soka ma na'ura a ɗauki saƙo, ya jira Malam ya tafi masallaci. Ina tsaye bakin ƙofa ya shiga biro. Bai zauna a kujerar ba, kujerar surukinsa ce. A tsaye ya yi aikin, a duƙe, yana waiwaye kamar ɓarawo. Yana jin an sallame ya zare kile ya fita, ko buɗe tagar bai yi ba ya ga yadda ta zama.

Malam ya dawo ya buɗe. Taga ta yi girma, ba shakka. Amma gidajen da rubutun suna nan ƙanana yadda suke, sun taru a kusurwar sama, sauran wurin fili ne fetal.

"Ya yi?" na tambaye shi.

"Ya yi. Allah shi yi albarka."

Yana faɗa hancinsa na kan gilashi. Na koma ɗakin ajiya na ce ma Lawali, "Ka faɗaɗa ɗaki, ka bar kayan a lungu." Ya dafe kai. Ya ce kowane gida a cikin tagar da nashi girma da nashi mazauni, in an ƙara bango ba su biyo shi da kansu, sai an gaya masu. Ya ce ya sani sarai, sauri ne ya ɗebe shi.

Washegari ya dawo da wani. Wannan karon ya rubuta ma na'urar ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ta ninka kowane, har da rubutun cikinsa. Ya gwada a tashi, ya ce in zo in gani. Ko ni da ba ni karatu na ga baƙaƙen sun yi ɓul-ɓul. Da sassafe kafin Malam ya iso ya zuba mashi, a tsaye kamar jiya.

Ranar ranar kasuwa ce, matan ƙauye sun cika baranda. Na leƙa, na ga Malam Isaka zaune a miƙe, bayansa jingine da kujera, yana bugawa da sauri. Na ce alhamdulillahi, na koma sikeli. Can na lura matar farko ba ta fito ba. Ta biyu na tsaye da kati, ta uku ta zauna ƙasa tana shayarwa. Layi ya tsaya cik.

Na shiga. Ya cika gidajen duka, yana ta yawo da yatsa a ƙasan fuskar na'urar yana dannawa, ba abin da ke faruwa. Zufa ta jiƙa mashi wuyan riga.

"Lafiya?"

"Ya yi. Yanzu zan gama."

Na duba. Ni ban san baƙi ko ɗaya ba, amma na san koren madannin nan, shekaru ina ganinsa. Babu shi. Fuskar na'urar Lawali ta fi ta Malam girma, to abin da ya zauna daidai a can, a nan ya zarce, gindin tagar ya nutse ƙasa da bakin gilashi, ya tafi da madannin. Shi kuwa Malam ya ɗauka madannin na nan, idonsa ne ya kai inda ba ya ganinsa.

"Isaka, koren abin nan babu shi."

"Babu shi?"

"Babu. Ba idonka ba ne. Ni ma ban gan shi ba."

Ya saki numfashi, ya sa hannun riga ya share fuska. Sai kuma ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kar ki gaya mashi. Ba a maida ma mutum aikinsa har sau biyu."

"Zan gaya mashi."

Ina fitowa na ci karo da majo. Ya dubi layin ya dube ni.

"Baiwata, layinki ya kusa kai Tagriss. Mi ke faruwa a biron nan kuma?"

Na ce gyaran distirik ne bai zauna ba, yanzu za a maido na da. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi duka ba, kuma ya tsaya yana kallon ƙofar biron fiye da yadda nake so. Na ce ma Malam ya fita ya sha iska, Lawali ya shiga ya maido tsohuwar 'yar tagar, aka ƙarasa ranar da ita, hanci a gilashi.

Da aka tashi na samu Lawali a ɗakin ajiya, ya rufe na'urarsa yana zaune bisa kwali.

"Inna, hanyar nan ba ta ɓullewa. Ko sau nawa kika tambaye su, ya yi za su ce, don daga hannuna ya fito. Kuma ido ba taƙi ba ne. Abin da ya ishe su yau, ba lallai ya ishe su wata mai zuwa ba. Kullum sai kin yi ta safa da marwa tsakaninmu?"

"To mi za a yi? Ƙarshen wata ya matso."

"Ki ba ni zuwa mako mai zuwa."

Na ce na ba shi, amma in makon ya wuce zan shiga wurin majo, kuma ya san ba ni faɗin abin da ba zan yi ba.

Bai kai makon ba ya dawo. Abin da ya kawo ba faɗaɗa taga ba ne kawai. Ya sa ta, da an buɗe, ta fara tambayar na'urar girman fuskarta, kuma duk yadda aka yi ba ta zarce bakin gilashi. Ya raba gidajen gida biyu, hagu da dama, don su samu wurin girma. Koren madannin ya ɗauke shi daga ƙasa ya kai sama. A gefensa ya sa wasu ƙanana biyu, ɗaya da alamar ƙari, ɗaya da alamar ragi. In aka danna na ƙari, taga da duk abin da ke cikinta su ƙaru tare, in aka danna na ragi su koma. Inda mutum ya bar ta yau, nan zai same ta gobe. In kuma aka zuba ma jariri nauyin da ba na jariri ba, sai ta yi ƙara ta ƙi karɓa.

"Yanzu ba sai an tambayi kowa ba," in ji shi. "Su da kansu za su kai ta inda ta yi masu."

Saura yadda za a koya ma Malam, tunda ba su zama wuri ɗaya. Lawali ya ce ma majo sabon tsari ne da za a sa a likitocin distirik, yana so ya nuna ma ma'aikata. Don kar maganar ta zama ƙarya, sai da ya hau moto ya je Adjekoria da Mai Yara ya zuba masu su ma. Ranar nunin, Malam ya ɗauki tasbaharsa ya zauna a baranda, daidai ƙarƙashin tagar biron ta gaske. Lawali ya zaunar da sajifam gaban na'urar, matar da ba ta taɓa taɓa ta ba, ya riƙa koya mata da murya kamar mai shela a kasuwa.

"Madam, can sama, hannun dama! Na farko shi ne na ƙari! Ki danna, ki sake dannawa, har sai ya yi maki!"

"Lawali, ai ni ba kurma ba ce," in ji sajifam.

"Yi haƙuri, madam. Na kusa da shi shi ne na ragi!"

A waje tasbaha ta tsaya a hannun Malam, ba ta motsi.

Washegari na wuce ta ƙofar da gangan. Taga ta kai rabin fuskar na'urar, Malam na zaune a miƙe. Ban tambaye shi komai ba. Rapor ɗin Nuwamba ya tafi bai dawo ba, na Disamba ma haka. A Janairu majo ya kira shi ya sa hannu, har ya ce, "Ashe da gaske hannu ne bai saba ba." Malam ya ce, "Hakanan ne, majo."

Da a nan labarin ya ƙare da ban sa an rubuta ba. Ni ban daina kallo ba. Duk safiya in na kai kati sai in dubi tagar. A Janairu ta wuce rabi. Da sanyi ya fara ja baya ta kusa cika fuskar. Ba wanda ya lura sai ni, don kowa kallon rapor yake yi, rapor kuwa lafiya lau. Wata safiya ina tsaye a bayansa ya danna na ƙari, taga ba ta motsa ba. Ya sake dannawa. Ta kai bakin gilashi ta kowane gefe, inda Lawali ya ce mata kar ta wuce.

Na ce, "Taga ta ƙare, Isaka."

Bai yi mani gardama ba. Ya gama da matan da ke layi, ya rufe na'urar, ya gyara hularsa, ya tafi biron majo da ƙafarsa. Ya ce in biyo shi, na bi. Ya faɗi komai a tsaye, tun daga hayaƙin har tabarau na kasuwa, sunan Lawali ne kawai bai fito bakinsa ba.

Majo ya ce, "Malam, don mi ba ka faɗa mani tun Nuwamba ba?"

"Da na faɗa, da ka sa hannu?"

Majo ya ce, "Ban sani ba." Na ga girmansa a wannan amsar, don da wani ne sai ya rantse. Sannan ya juyo kaina. "Ke kuma kin sani."

"Na sani."

"Gobirawa, zurfin ciki kamar rijiya."

"Kai da kake wucewa ta ƙofar kullum da idonka biyu lafiyayyu, mi ka gani?"

Bai yi dariya sosai ba. Ya ce mani in irin haka ta sake faruwa, ko wa ne ne, yana so ya ji daga farko, don shi ke amsa tambaya in an cuci yaro. Na ce ya faɗi gaskiya. Ya rubuta ma Malam takardar zuwa likitar ido a Maradi, ya ba shi hutun jinya bisa kontirar da ya riga ya sa ma hannu. Ba a kawo kowa daga waje ba. Sajifam da wani malamin jinya suka riƙa karɓa-karɓa a kujerar, suna ƙorafi, amma suka riƙe.

An yi mashi ido ɗaya, aka ce ɗayan sai gaba. Ya dawo kafin zafi ya yi tsanani, da baƙin tabarau. Ranar da ya koma kujerarsa ya buɗe na'urar, ya tsaya yana kallon ƙatuwar tagar da ya bari kamar bai san ta ba. Ya kai yatsa ga na ragi ya yi ta dannawa. Ya riƙe aikinsa har lokacin da ya aje shi da kansa.

A makon Lawali ya zo zagaye. Bai shiga biro ba, bai tambayi kowa jikin surukinsa ba, don ba tambayar da zai yi ba ce. Ya same ni wurin sikeli.

"Inna, ina tagar take yanzu?"

Na haɗa hannuwana na nuna mashi, 'yar kaɗan. Ya ce to. Ya tafi ya hau motonsa, ya daɗe zaune a kai bai tada ba.

Abin da na ɗauka daga wannan, wanda nake so ku ɗauka, shi ne mutanenmu ba su faɗin inda ke masu ciwo. Uwa za ta ce maka yaro na cin abinci alhali kana ganin ƙashin haƙarƙarinsa. Dattijo zai ce maka ya yi. Ba ƙarya suke ba, mutuncinsu suke tsarewa, kuma wani lokacin shi kaɗai suka mallaka. Wanda ya tsaya ga amsar baki a aikin nan bai fara aiki ba. Ku masu ƙera ma mutane kayan aiki kuma, ku bar masu inda za su gyara da hannunsu ba sai sun roƙi kowa ba.

Madannan nan biyu suna nan a na'urar da kuke aiki da ita. In kun ga abokin aiki ya kai yatsa ga na ƙari, ku kau da kai, ba ruwanku. Amma ku riƙa duba tagar in kun wuce. Ranar da kuka ga ta cika fuska, ku shiga ku tura ƙofa.